Layar da Tambari Ya Aiko

Zuwa na uku ke nan cikin wata guda da Zulaihatu ta yi zauren baffanta Malam Jibrin a kan magana ɗaya, kuma a karo na uku ya tarbe ta da tambayar lafiyar akuyarta. Ba mugun mutum ba ne Malam Jibrin. Ƙanen mahaifinta ne, shi ya riƙe ta bayan rasuwar uban, shi ya ba da aurenta, kuma duk unguwar Ƙofar Atiku babu wanda ya kama ƙafarsa wajen sanin littattafan shari'a. Aibinsa ɗaya ne, in ka tambaye shi hanyar kasuwa sai ya fara ba ka labarin wanda ya kafa ta.

"Akuya lahiya lau, Baffa," in ji Zulaihatu, tana durƙushe a bakin ƙofa. "Maganar amrena nat taho da ita. Shekara biyat yau ban ga Tambari ba. Ka kai ni gaban alƙali, ka tsaya mani, a warware igiyarga."

Malam Jibrin ya shafa gemu, ya dubi azarar rufi kamar a can aka rubuta amsar.

"Ɗiyata, haƙuri dai. Mai haƙuri shi ka dahwa dutse."

"Na dahwa, Baffa. Na sha romon, har maƙwabta na ɗibar ma."

Tambari mijinta ɗan kasuwar kayan fata ne. Shekarar da labari ya zo cewa Nasara suna shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa can wajen Nufe, kuma leburori dubu-dubu suna neman takalma da jakunkuna, ya labta wa jakuna biyu kaya ya ce wata uku zai yi. Ya bar ta da mahaifiyarsa, tsohuwar da kowa ke kira Inno, da gona guda a bayan ganuwa wadda wani ɗan'uwansu ke nomawa yana kawo musu gero. Ba su da ɗa. Biyu ta haifa, duk suka koma tun ba a yaye su ba. Don haka ranar tafiya ya yi mata alkawari zai nemo mata layar maganin wabi a wurin malaman Nufe, waɗanda aka ce hannunsu na da kyau a wannan fanni.

Bayan shekara guda wani falke ya yi sallama a ƙofar gida, a lokacin Zulaihatu na kwance zazzaɓi ya kayar da ita. Ya miƙa wa Inno takarda a naɗe, an ɗaure ta tam da zare, ya ce saƙon Tambari ne ga matarsa. Bai yarda sun haɗa ido ba, ko ruwan da aka kawo masa bai shanye ba ya ce ayari na jiransa. Inno ba ta buƙaci bayani ba. Wa zai aiko wa mace takarda in ba laya ba? Ita ba sarki ba, ita ba malami ba. Tsohuwa ta ɗauki sandarta ta nufi rumfar Yari baduku, ya zaɓi jar fatar akuya mai laushi ya ɗinke ta, ya yi mata maratayi. Babu wanda ya warware zaren, don ko yaro ya san in aka buɗe laya ta karye. Malam Jibrin da kansa ya karɓa ya tofa mata addu'a kafin a rataya wa mai ita. Tun daga ranar tana wuyan Zulaihatu, shekara huɗu ke nan, kuma in baƙin ciki ya ishe ta takan kama ta ta ce ko ba komai mutumin nan ya tuna da ita sau ɗaya.

Akwai abin da ba ta gaya wa baffanta ba, shi kuma ya sani ya yi kamar bai sani ba. Ƙawarta Jummai tana da wa, Gidaɗo, mai noman albasa a fadama can bayan Gidan Igwai, wanda matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ba a neman matar aure, kuma Gidaɗo mutum ne mai tsoron Allah, bai taɓa ce mata uffan ba. Jummai ce kawai, wata rana suna kaɗi, ta dubi bango ta gaya wa bangon cewa wanta ya rantse ba zai sake yin azumi babu mace a gida ba, kuma dangi sun nuna masa wata bazawara a Wurno, amma ya ce a dakata masa zuwa ƙarshen Sha'aban ko Allah zai warware wata igiya. Zulaihatu ta haura talatin. Tana so ta goya ɗa mai rai kafin wannan ƙofa ta rufe mata, kuma ta san irin Gidaɗo ba kullum suke zuwa ba. Ga shi watan Rajab ya riga ya tsaya.

Sai da ta ce in bai kai ta ba za ta je ita kaɗai, duk gari ya ji ɗiyar gidan malamai ta shiga zauren shari'a babu mai tsaya mata, sannan Malam Jibrin ya nemi rawaninsa.

Zauren alƙali ya canja tun shigowar Nasara shekara goma da suka wuce. Alƙalin dai shi ne a kan buzunsa, dattijo mai sanyin murya, amma yanzu akwai magatakarda a gefensa da wani shirgegen littafi, kome aka faɗa sai ya ce a dakata ya rubuta. Zulaihatu ta zauna daga bakin ƙofa inda mata ke zama, ta ja mayafi. Malam Jibrin ya gyara murya, ya yi salati, ya fara da falalar aure. Ya daɗe a kan falalar aure har ta fara zaton ya manta abin da ya kawo su. Da ya iso kan maganar, ya kawo hujjarta tsaf, daɗi ya kama ta. Sai kuma ta ji ya ce, "Amma Allah shi gafarta malam, don kada in ɓoye ilimi, akwai wasu malamai da sunka saɓa ma wannan," ya shiga rushe ginin da ya yi da hannunsa. Kai ka ce Tambari ne ya ɗauko shi.

Alƙali ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce kafin a yi maganar warware aure sai an tabbatar akwai auren. A kawo shaidu biyu.

"Allah shi gafarta malam," in ji Zulaihatu daga bakin ƙofa, "unguwa duka sun ci tuwon bukin."

"To biyu daga cikin waɗanda sunka ci su taho su hwaɗi," in ji alƙali.

Abin kamar wasa, sai da ya ci kwana goma sha biyu. Cikin waɗanda suka tsaya a ɗaurin auren, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bi masu hijira gabas tun shekarar da Nasara suka shigo. Sauran kuwa da sun ji an ambaci littafin magatakarda sai ciwon baya ya kama su, don an ce duk wanda sunansa ya shiga littafin nan Nasara na iya nemansa wata rana. Zulaihatu ta bi gida-gida, ta gaida waɗanda rabonta da su tun tana amarya, ta sha "Allah shi kyauta" har ta ƙoshi. Da ƙyar ta samu tsofaffi biyu. Ɗayansu kurma ne, da aka tambaye shi ko ya shaida auren sai ya shiga bayanin bajimin da aka yanka ranar. An dai rubuta.

A hanyar komawa Malam Jibrin ya bayyana mata ƙofar da za su bi. Mijin da ya tafi bai bar wa matarsa abin ci ba, alƙali kan ba shi ɗan wa'adi, in bai bayyana ba a raba auren. Wata guda ko biyu magana ta ƙare. Sai dai za a kira Inno a tambaye ta. Zulaihatu ta ce to bari ta je ta yi wa tsohuwar bayani tun da wuri.

"A'a," in ji shi, ya tsaya cak a tsakiyar hanya. "Ba a koya ma shaida magana. Haramun na."

Ta bi umarninsa, kamar yadda ta saba bi tun tana yarinya.

Ranar zama na gaba Inno ta ci ado, ta ɗaura zanen saƙinta na zuwa suna, ta shafa tozali. Tunda aka haife ta ba a taɓa kiranta gaban manya a tambaye ta komai ba. Da alƙali ya ce ko ɗanta ya bar wa matarsa abin da za ta ci, tsohuwa ta miƙe wuya.

"Allah shi gafarta malam, ɗana ba matsiyaci ba na. Gona yab bari, gero bai taɓa yankewa gidanmu ba. Yarinyarga ko dare ɗaya ba ta kwana da yunwa ba. Ku dibe ta, ta yi kama da wadda anka bari?"

Duk zauren aka waiwayo aka dubi Zulaihatu, wadda Allah ya yi ta mai jiki tun asali. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Magatakarda ya ce a dakata ya rubuta, ya tsoma alƙalaminsa a tawada ya rubuta cewa ba ta taɓa kwana da yunwa ba.

Alƙali ya ce wannan ƙofa ta rufe ke nan. Tunda akwai abin ci, kuma ba a san inda mijin yake ba, hukuncinsa hukuncin ɓatacce ne. Za a yi cigiya, in ba a same shi ba sai ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda.

Zulaihatu ta ji sanyi a ranta. "To ai na yi biyat, Allah shi gafarta malam. Har da ragowa."

"Ba haka aka lissahi ba," in ji alƙali a hankali. "Daga ranar da kinka kawo ƙara aka hwara ƙirga. Waɗancan ba ki kawo ƙara ba."

"Ban kawo ba don Baffa yac ce in yi haƙuri."

Malam Jibrin ya duƙar da kai yana gyara bakin rigarsa, ita kuwa ta zauna tana kallon ƙeyarsa. Shekara biyar tana zuwa zaurensa da kukanta, shekara biyar yana sallamarta da haƙuri, alhali ya san wannan hukunci kamar yadda ya san sunansa. Da ya kawo ta tun shekarar farko, da yanzu ta gama. Bai yi don mugunta ba, kunya yake ji a ce ɗiyarsa ta kai ƙarar miji. Wannan ya fi ba ta haushi, don mugu ko ba komai ana iya zaginsa.

A hanya ta kasa daurewa, ta juya kan tsohuwar.

"Inno, mi nai maki? Sai da kin ce gero bai taɓa yankewa ba?"

"Ƙarya kika so in yi gaban alƙali?" in ji Inno. "In ce ɗana ya bar ki da yunwa, a rubuta cikin littahin Nasara?"

Zulaihatu ta san gaskiya tsohuwar ta faɗa. Ta kuma san abin da ke ƙarƙashin gaskiyar. Inno ba ta da kowa sai ita. Ita ke yi mata tuwo mai laushi saboda haƙora, ita ke matsa mata ƙafa in sanyi ya motsa. Tsohuwar tana tsoron ranar da za a ce Zulaihatu ba matar gidan ba ce, kuma tana tsoron abin da ya fi wannan, wato a faɗa a fili cewa Tambari ba zai dawo ba. Da suka ƙarasa gida, Zulaihatu ta huce haushinta a kan turmi.

Sha'aban ya tsaya, ya yi kwana goma. Jummai ta zo aron taɓarya wadda ba ta buƙata, ta gaya wa bango cewa mutanen Wurno sun aiko suna tambayar inda aka kwana. Zulaihatu ta ce ta ji, ta ci gaba da tankaɗe. Ba ta sake taka zauren baffanta ba, ko gaisuwar Juma'a ba ta aika ba.

Ran sha biyu ga wata sai ga Malam Jibrin da kansa a ƙofar gida, abin da bai taɓa yi ba. Idanunsa sun yi ja, da gani ya sha duba littattafai. Bai tambayi akuya ba. Ya ce akwai sauran ƙofa ɗaya. In aka san garin da mijin yake, ya fita daga hukuncin ɓatacce, sai alƙali ya rubuta masa ya zaɓa, ko ya dawo, ko ya aiko a kai masa matarsa, ko ya sake ta. Zulaihatu ta ƙirga a zuci, ta ga ko a bayan tsuntsu aka aika wasiƙar ba za ta je ta dawo kafin azumi ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta ɗauko mayafinta.

A wannan zaman alƙali ya tambaya ko tun tafiyar Tambari an taɓa jin ɗuriyarsa, ko wani ya ce ya gan shi a wani gari. Malam Jibrin ya ce babu. Zulaihatu ta ce babu. Inno, wadda ba a kira ba amma ta biyo su, ta ce akwai.

"Ana ta cewa ya yada matatai," in ji ta. "Wanda yay yada macce shina aiko mata da laya? Ga ta nan ga wuyanta. Ɗana ya san da ita."

Zulaihatu ta runtse ido. Ta tabbata tsohuwar nan ta sake rufe mata wata ƙofar.

Amma alƙali ya ɗago kai. Ya tambayi wanda ya kawo, aka ce falke ne, ba a san sunansa ba. Ya tambayi wanda ya rubuta, aka ce ba a sani ba. Ya tambayi wanda ya karanta kafin a ɗinke, aka dube shi kamar ya tambayi wanda ya taɓa leƙa cikin kabari. Ya ce shi dai ya san kowane gari da irin hannun malamansa, wani lokaci ma mai rubutu kan sa sunansa a ƙasa. In aka buɗe, mai yiwuwa a gane inda ta fito. Amma layarta ce, ba zai tilasta mata ba.

Inno ta fashe da kuka. "Kada ki bari, ɗiyata. In anka buɗe ta karye, ba ki ƙara riƙe ɗa."

Malam Jibrin ya gyara murya ya ce a kan buɗe laya malamai sun kasu biyu.

"Baffa, don Allah," in ji Zulaihatu. Ta juya wajen tsohuwar. "Inno, ɗan wa zan riƙe? Shekara huɗu layarga tana tsaron cikin da babu shi."

Ta cire ta daga wuya. Fatar ta yi baƙi da gumi, ta yi santsi saboda yawan shafawa. Wani daga cikin masu jiran shari'a, wanzami ne, ya miƙo aska. Da ta ɗora bakin askar a kan ɗinkin sai ta kasa yankawa, abin ya ba ta mamaki, ya kuma ba ta haushi. Wannan ce kaɗai shaidar da take da ita cewa shekara takwas da ta yi a ɗakin mutumin nan kafin tafiyarsa ba a banza ta yi su ba. Ta cije leɓe ta yanke. Yari ya iya aiki, sai da ta bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya kafin takardar ta fito, zarenta na nan yadda falke ya kawo ta.

Magatakarda ya karɓa da bisimilla, ya warware a hankali don kada ta yage a kan lanƙwasa. Ya duba. Ya matsa wajen haske ya sake dubawa. Ya miƙa wa alƙali. Alƙali ya karanta har ƙasa, ya kai hannu cikin akwatinsa ya ɗauko wata takarda ya jera su, ya dubi wannan ya dubi waccan. Sannan ya miƙa wa Malam Jibrin. Malam Jibrin ya karanta, leɓunansa na motsi, ya kai ƙarshe ya koma farko. Tunda Zulaihatu take ba ta taɓa ganin baffanta da rubutu a hannu ya rasa abin faɗa ba sai ranar.

"Wai mi anka rubuta?" in ji ta. "Ko ni ba a gaya mani, ni da nad ɗauke ta shekara huɗu?"

"Ba laya ba ta," in ji alƙali. "Takardar saki ta."

Ya bayyana mata dalla-dalla. Irin takardun nan ne da aka sa alƙalai su riƙa bayarwa tun zuwan Nasara, shi ma ga irinta a akwatinsa. An rubuta ta a gaban alƙalin wani gari na bakin hanyar jirgi, ga hatiminsa, ga sunayen shaidu biyu, ga wata ga shekara. Tambari ya saki matarsa Zulaihatu. A ƙasa kuma an ƙara magana daga bakinsa, cewa ya sami wurin zama a can ba zai dawo ba, ya sake ta ne don kada ta zauna jiransa, in ta gama idda ta yi aurenta.

"Iddarki ta cika tun shekara huɗu ba kaɗan," in ji alƙali. "Babu igiyar kowa bisa kanki. Babu abin da zan warware."

Zulaihatu ta zauna kamar an dasa ta. Ta yi zaton ranar da za ta ji wannan magana guɗa za ta yi, amma abin da ya zo mata lissafi ne. Damina huɗu. Watannin da ta yi tana leƙen ƙofa in ta ji kukan jaki. Bukukuwan da ta je ta zauna a layin matan aure. Kwana goma sha biyun da ta yi tana roƙon tsofaffi su zo su rantse tana da aure, suka zo suka rantse, har da kurma. Duk wannan lokaci abin yana lilo a ƙirjinta, tana shafa shi tana sa wa mai shi albarka. Mutumin ma ya yi mata adalci irin nasa, ya buɗe mata ƙofa tun da sauran ƙuruciyarta, aka ɗauki ƙofar aka kai wa baduku.

"Ni nak kai ta ga Yari," in ji Inno, muryarta ta dushe. "Da ƙahwata."

"Ni kuwa nat tohwa mata addu'a," in ji Malam Jibrin, bai ɗago ba.

"Allah shi gafarta malam," in ji Zulaihatu, "shekara huɗun nan, wa zan kai ƙara shi biya ni?"

Alƙali ya dube ta da tausayi, ya ce wannan ba ta cikin abin da zaurensa ke iya hukuntawa. Magatakarda ya ɗaga alƙalami, ya rasa ko ya rubuta tambayar ko ya bari, ya bari.

Inno ta matso da gwiwa wajen magatakarda. Ta ce ya duba mata da kyau, ko a gefe, ko a baya, ko Tambari ya ce a gaida ita. Ya juya takardar, ya duba bayanta, ya ce babu. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta tsinci fatar layar daga ƙasa ta ƙulle a bakin zanenta.

Da aka gama shigar da maganar a littafi, magatakarda ya fara naɗe takardar yadda ya same ta don ya ba mai ita.

"Kada ka naɗe," in ji Zulaihatu. "Ba ni ita hakanan."

Ta karɓe ta a buɗe, ta riƙe da hannu biyu. A ƙofar zaure ta tsaya ta dubi baffanta, wanda ya fito yana jan ƙafa kamar an ɗora masa dami.

"Baffa, in wasu mutane sunka yi sallama zaurenka kwanakinga, don girman Allah kada ka tambaye su lahiyar albasa. Kada kuma ka ce masu malamai sun kasu biyu."

"Ba ni cewa," in ji shi.

Ba ta ɗauki hanyar gida ba, ta nufi gidan su Jummai, takardar a gabanta tana kaɗawa, Inno na binta a baya da sanda. A ƙofar wani masallaci ta ga malami yana alwala, ta jira ya gama ta ce ya karanta mata da ƙarfi. Ya karanta. Gaba kaɗan ta tare wani mai allo a hammata, shi ma ya karanta, abin da na farko ya faɗa shi ya faɗa. Hanyar ta bi ta gaban rumfar Yari baduku, yana zaune yana hujin fata. Ya hango takarda a hannun mace, fuskarsa ta washe.

"Sabuwa anka samu? Kawo in ɗunke maki, ina da jar hwata mai kyau."

Zulaihatu ta tsaya ta dube shi har sai da murmushin ya bar fuskarsa. Ta buɗe baki, ta ga in ta fara ba za ta gama ba kafin la'asar, ga Sha'aban saura kwana goma sha takwas. Ta waiwaya, ta ga Inno ta tsaya can baya ta jingina da bango tana haki, hannunta a kan ƙullin bakin zane. Ta yi tsaki, ta koma ta kama tsohuwar da hannun hagu, ta ɗaga takardar da na dama don kada ta lanƙwashe, suka ci gaba a hankali.